Gwarancin Yaro Ba Shirme Ba Ne

Ɗana, matso kusa, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ko da yake na ce ɗana, ke ma 'yata da ke nake, tunda a bayanki goyon yake kwana yake tashi. Maganar bakin yaro ce, yadda yake buɗewa, da abin da ku iyaye kuke yi masa da hannunku, wani da sani, wani cikin rashin sani.

Ranar hawan sallar bara na saɓa jikata a kafaɗa muka tsaya bakin titi cikin 'yan kallo. Shekarunta uku da 'yan watanni. Mahaya na ɓullowa ta shiga dukan hulata da tafin hannu tana cewa, "Kaka, ga dokoki! Dokoki da yawa!" Yayanta da ke aji huɗu ya tuntsire da dariya, ya ce, "Ke dai ba ki iya magana ba, dawaki ake cewa." Wasu samari da ke gefenmu suka taya shi. Yarinyar nan ta yi tsit, ta cusa fuska a wuyana. Aka yi ta wucewa, 'yan lifida da masu algaita da masu kuge, ba ta sake nuna mini komai ba har muka koma gida.

To ka tsaya ka yi tunani. A bakin wa ta taɓa jin an ce wa dawaki dokoki? Babu, daga gidanmu har maƙwabta. Ita ta ƙera kalmar da kanta. Ta ji ana cewa taga da tagogi, ƙofa da ƙofofi, waya da wayoyi, hanya da hanyoyi. Ƙwaƙwalwarta ta auna waɗannan duka, ta gano cewa idan abu ya yi yawa ana yanke wasalin ƙarshe, a sa "o", a maimaita baƙin da ya gabata, a rufe da "i". Da ta ga doki ya yi yawa sai ta bi da shi ta wannan hanya. Ka tara manya goma ka ce su bayyana maka wannan ƙa'ida, ka ga nawa za su iya. Yarinyar da ko alif ba ta sani ba ta ciro ta daga hirar tsakar gida. Abin da ya rage mata shi ne ta san cewa Hausa tana da hanyoyin jam'i barkatai: gida gidaje, kare karnuka, yaro yara, saniya shanu, tunkiya tumaki. Wannan kuwa kunne ne zai ba ta shi a hankali.

Masana sun daɗe da gano haka. A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta zana wata halitta mai kama da tsuntsu, ta laƙa mata sunan da babu shi a Turanci, wato "wug". Sai ta nuna wa yara 'yan shekara 4 zuwa 7, ta ce ga guda, ga kuma wani ya ƙaru sun zama biyu, me za a kira su? Yaran suka liƙa wa kalmar ƙarshen jam'in Turanci daidai wa daida, alhali ba su taɓa jin ta ba a duniya. Wannan ɗan gwaji ya nuna cewa yaro ba aku ba ne da ke maimaita abin da aka faɗa. Yana sauraro, yana tacewa, yana gina ƙa'ida. Daga 1962 kuma Roger Brown na Jami'ar Harvard da ɗalibansa suka riƙa bin yara uku gida suna naɗar maganarsu da iyayensu, wata bayan wata, har ya fitar da littafi a kai a 1973. Ya tarar da cewa akwai ƙananan ɗafe-ɗafe da kalmomin nahawu 14 da yaran suka ƙware a kansu kusan a jeri guda, ko da yake wani ya fi wani sauri. Ya kuma lura da abin da ya kamata ka riƙe: iyayen nan ba nahawu suke gyara wa 'ya'yansu ba, gaskiyar zance suke gyarawa. Idan yaro ya faɗi gaskiya da karyayyar jimla sai su ce haka ne. Duk da haka yaran suka tashi da nahawu miƙaƙƙe.

Saboda haka, ɗana, idan ɗanka ya ce "akuyata ya gudu" ko "saniyoyi", kada ka yi masa dariya, kada ka bari yayyensa su mai da shi abin tsokana, kada kuma ka tsare shi da "maimaita, maimaita" kamar mai biya allo. Ka karɓi zancen ka mayar masa da shi a gyare cikin hira: "Ashe akuyarka ta gudu? Ina ta nufa?" Ya ji daidai, kuma ya ji cewa maganarsa tana da daraja. Wani lokaci ma za ka ga yaro ya fara da faɗin kalma daidai, daga baya ya koma yana ɓata ta, sai hankalin uwa ya tashi ta ce ya koma baya. Gaba ya ci. Da farko haddace kalmar ya yi ɗungurungum, yanzu ya gano ƙa'ida yana gwada ta a kan komai, nan gaba zai ware waɗanda ba sa bin ta.

Ka duba nauyin da ɗan Bahaushe yake ɗauka kafin ya shekara biyar. Ya san a ce "ya zo" ga namiji, "ta zo" ga mace. Ya san gidan Audu amma motar Audu, rago ne amma tunkiya ce. Ya san bambancin wuya na jiki da wuya ta wahala, da kuka na hawaye da kuka ta miya, alhali hawa da saukar murya kaɗai suka raba su. Baƙo mai digiri yakan shekara goma a Kano yana ciniki da Hausa, amma har gobe in yana zancen matarsa sai ya ce "ya tafi kasuwa". Yaron da har yanzu ake ɗaura wa wando ba ya wannan tuntuɓe sai na ɗan lokaci. Yadda aka yi haka ta yiwu shi ne abin da masana suke ja-in-ja a kai tun da Noam Chomsky ya soki littafin B. F. Skinner a 1959. Skinner yana ganin kwaikwayo da yabo ne ke koya wa yaro harshe, Chomsky ya ce da shirin nahawu ake haihuwar ɗan Adam. Wasu na baya, irin su Michael Tomasello, suka ce basirar gane nufin mutane da iya tsinto tsari cikin abin da aka ji su ne jarin yaro. Ba zan raba musu gardama ba. Inda duk suka haɗu shi ne abin da ya shafe ka: ko da wane shiri aka haifi yaro, sai ya tashi cikin masu magana sannan bakinsa zai buɗe. Ibn Khaldun ya riga su faɗa a Muƙaddimarsa fiye da shekara 600 da suka wuce. A wurinsa harshe sabo ne da ke zauna wa mutum ta yawan ji da yawan yi, har ya kwatanta wanda ya san ƙa'idojin nahawu bai iya zance ba da mutumin da zai kwatanta maka yadda ake ɗinki amma in ka miƙa masa allura ya kasa.

Akwai wata kalma da nake yawan ji a bakinku wadda take sosa mini rai: "Jariri ne, me ya sani?" Ya san abin da ba ka zata ba. A 1980 Anthony DeCasper da William Fifer suka sa wa jariran da ba su wuce kwana uku ba wani abin tsotso da aka haɗa da na'ura, yadda salon tsotson ke zaɓar muryar da za ta fito. Jariran suka riƙa tsotso ta yadda muryar uwarsu za ta fito, suka bar ta wata mace. A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa jariri ɗan kwana huɗu yana bambanta Faransanci da Rashanci. Tun yana ciki yake jin kaɗawar harshen uwarsa. Ashe kiran sallar da ake yi masa a kunne ranar haihuwa a kunne mai ji yake sauka.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne aikin Janet Werker da Richard Tees a Kanada, a 1984. Sun gwada jariran gidajen masu Turanci da wasu sautukan Indiyanci guda biyu da Bature babba yake jin su kamar abu ɗaya. 'Yan wata 6 zuwa 8 suka bambanta su sarai. Da aka kai wata 10 zuwa 12, yawancinsu sun daina. Kunnen ya riga ya zaɓi sautukan gidansu ya saki sauran. Ka gane ke nan dalilin da ya sa wanda ya koyi Hausa da girma yake fama da kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da dawa da ɗawa. Ɗanka kuwa kafin ya yi tata ya riga ya fara jera waɗannan a kansa, daga abin da yake ji a bayan uwarsa tana daka, tana ciniki, tana gaisawa da maƙwabciya ta kan katanga.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da ke Seattle ta ɗauki jarirai 'yan wata tara, 'ya'yan Amurkawa da ba su taɓa jin Sinanci ba. Kashi ɗaya aka zaunar da su da mutane masu Sinanci suna yi musu wasa da karatun littafi, zama 12, kowane zama kamar minti 25, cikin mako huɗu. Wani kashin aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin, suna faɗin abu iri ɗaya. Wani kashin murya kawai aka kunna musu. Da aka zo gwaji, waɗanda suka zauna da mutum ido da ido suna bambanta sautukan Sinanci kamar jariran Taiwan da suka tashi a cikinsa. Na talabijin da na murya kuwa ba su tsinci komai ba, daidai suke da wanda bai taɓa ji ba. Fuska ɗaya, murya ɗaya, kalmomi ɗaya, amma da aka sa gilashi a tsakani sai karatun ya ƙi shiga.

Kwanan baya na je wani suna, na zauna a zaure kusa da wani matashi da ɗansa wanda bai kai shekara biyu ba. Yaron ya fara mutsu-mutsu yana nuna wata kaza da 'ya'yanta da suka shigo, yana "e, e," yana duban fuskar ubansa. Wannan "e, e" tambaya ce, yana so a gaya masa sunan abin. Uban bai ko dubi inda yatsan ya nufa ba, ya zaro waya ya kunna masa katun ya ɗora masa a cinya. Yaron ya yi shiru, ido a kafe, baki a sake, har aka ci aka watse. Mutane suna ta yabo, wai yaron kirki ne ba ya rigima. Ni kuwa tausayi ya kama ni, domin na ga an rufe ƙofa a daidai lokacin da ya ƙwanƙwasa. Da uban ya ce, "Kaza ce, ga 'yan tsakinta, ƙirga su mu gani," da yaron ya koma gida da kalma biyu ko uku da ba za su taɓa ɓace masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Na san gajiya, na san uwa tana da girki da wanki da sana'a, kuma ba ina cewa wayar haramun ce ba. Ina ce maka ba ta iya reno, domin ba ta ganin abin da yaro ya nuna, ba ta jiran ya amsa.

Jiran amsar nan shi ne ƙashin bayan abin. A 2018 Rachel Romeo da abokanta a Amurka suka sa wa yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6 na'urar naɗar magana a gida, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. Abin da ya fi tafiya tare da ƙarfin aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwa shi ne yawan karɓa-karɓar zance tsakanin yaro da babba, ka faɗa ya faɗa, fiye da tulin kalmomin da aka zuba masa. Ka ga ke nan tatsuniyar kakanninmu ba ɓata dare ba ce. Mai tatsuniya ba ta farawa sai yara sun amsa mata, tana tsayawa su yi amshin waƙa, su tambayi me ya sa Gizo ya yi haka, ta jefa musu kacici-kacici su yi ta lalube. Makaranta ce sukutum, ba allo ba kuɗin wata.

Za ka ce mini, "Baba, ai iyayenmu ba su zauna suna hira da jarirai ba, ga ma kunyar ɗan fari, uwa ko sunansa ba ta faɗa, kuma duk mun yi baki." Gaskiyarka. Masana ma sun ga irin haka a wasu wurare. Elinor Ochs a Samowa da Bambi Schieffelin a cikin Kaluli na Papuwa Niyu Gini sun tarar da al'ummomin da manya ba sa ɗaukar jariri abokin hira, kuma 'ya'yansu suna iya harshe lafiya lau. Amma ka tuna gidan da ka tashi. Idan uwa ta kau da kai saboda kunya, ga kaka tana kiran sa maigida ko kishiya tana tsokana, ga goggo, ga matan baffanni, ga 'yar reno da ke yawo da shi dandali, ga yara goma a tsakar gida. Daga asuba zuwa dare yana cikin tafkin magana. Kai kuwa yanzu ɗaki biyu da falo ne, ƙofa a kulle, daga kai sai matarka sai yaro, kaka tana can garinku sai an yi waya. Idan kuka riƙe kawaicin da, alhali mutanen da suke cike giɓin ba sa nan, wa zai yi wa yaron magana? Kai uba musamman, ka binciki kanka. Idan duk abin da ɗanka yake ji daga bakinka a yini bai wuce "bari", "sauka", "yi mini shiru" ba, to ka rage shi da abu mai yawa. Ka tafi da shi masallaci da kasuwa, ka gaya masa sunan abin da kuka gani, ka tambaye shi, ka yi haƙuri ya gama haɗa jimlarsa ko da zai yi ta in'ina. Girmanka ba zai ragu ba.

Sai maganar Turanci, wadda na san tana da zafi. Na shiga gidaje inda aka kafa doka ba a yi wa yaro Hausa, wai don ya yi ƙoƙari a makaranta. Niyyar mai kyau ce, hanyar ce ba ta ɓullewa. Uwar da za ta iya yi wa ɗanta zance mai daɗi da Hausa, da karin magana da barkwanci da lallashi, sai ta koma jefa masa guntayen umarni da Turancin da ita ma bai zauna mata ba. An hana shi tuwo, an ba shi ƙanzo. Yaro ya tashi Hausar ba ta nuna ba, Turancin ma bai nuna ba, kakarsa ta yi masa magana ya tsaya yana kallon ta. A ƙasar nan aka gwada abin. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi musu fintinkau. Kada kuma wani ya tsorata ka da cewa harshe biyu yana rikita yaro. Je ka Yola ka ga ɗan shekara biyar yana juya Fulatanci da Hausa, je ka Maiduguri ka ji Barbarci da Hausa a baki guda, je ka zangon Kumasi ka ji Hausa da harshen Asante. In ya cakuɗa su a jimla ɗaya yana ƙarami, zai ware su da kansa. Ka ba shi harshen da ka fi iyawa, ka cika masa shi fal, Turanci da Larabci su zo su tarar da tushe. Ƙuraishawa ma a da ƙauye suke kai 'ya'yansu reno don lafiyar jiki da fasahar harshe, a haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙuruciyarsa a hannun Halimatus Sa'adiyya cikin Banu Sa'ad.

Akwai yaron da duk wannan ba za ta isar masa ba, domin kunnen ne ba ya ji, kuma shi aka fi zalunta. A Managuwa ta ƙasar Nikaraguwa an buɗe wa kurame makaranta a 1977. Malamai suka dage sai sun koya musu karanta leɓe, abin bai yi nisa ba. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suka riƙa haɗa alamun da kowa ya zo da su daga gida, ƙananan da suka shigo daga baya suka ɗora wa alamun ƙa'idoji, har ya zama cikakken harshe mai nahawunsa, wanda masana irin su Judy Kegl da Ann Senghas suka yi shekaru suna nazari. An kuma lura cewa waɗanda suka shigo da ƙuruciya sun fi waɗanda suka shigo da girma ƙwarewa nesa ba kusa ba. Mu ma muna da maganar hannu a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kanta a 2000. Kurma yana da ƙwaƙwalwar harshe kamar kowa, abin da ke cutar da shi shi ne a bar shi shekara shida ko bakwai ba baki ba hannu, ana cewa nauyin baki ne, gadon gidansu ne, zai yi.

Don haka ka sa ido. Idan jariri ba ya firgita da ƙara, ko ya kai wata tara ba ya gwaranci, ko ya shekara ana kiran sunansa ta baya ba ya waiwaye, ko ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, ko ya cika biyu bai haɗa kalma biyu ba, ka kai shi asibiti a duba kunnensa. Haka in ya yi sanƙarau ko ƙyanda, ko kunnensa yana yawan zubar da ruwa, ko ya fara magana sannan ta ɗauke. Ka yi addu'a, ka kuma je, kada ka jira shekara ta zagayo. In an ce lafiyarsa lau, ba ka yi asarar komai ba sai kuɗin mota. In kuwa an ce ba ya ji, to ku duka gidan ku koyi maganar hannu tun yau, ku kai shi cikin 'yan uwansa masu yin ta tun yana ƙarami. Allah ya raya mana su, ya buɗe bakinsu da alheri.